Kan baka ya kusa cire mini ido wajen ɗaura tsarkiya: hanyar ce ba ta da kyau ko ni ne ban iya ba?

Sabon_Maharbi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Sati biyu ke nan da na sayi baka na hannu, irin mai lanƙwasasshen kai ɗin nan, na katako da faiba. A jikin reshen ƙasa an rubuta AMO 60, sai kuma 45#. Wanda ya sayar mini ya nuna mini yadda yake ɗaura tsarkiya: ya tokare kan ƙasa a cikin tafin ƙafarsa, ya jawo mariƙin zuwa jikinsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana tura reshen sama yana zura kunnen tsarkiyar har ya faɗa gurbinsa. Cikin ƙiftawar ido ya gama. Jiya na gwada ni kaɗai. Saura kaɗan kunnen ya shiga, sai tafin hannuna ya zame saboda gumi, kan bakan ya dawo da ƙarfi ya buge ni a saman gira. Wurin ya fashe ya kumbura. Da ya sauko da faɗin yatsa ɗaya, da wani labarin ake yi. Wani abokina ya ce in daina wannan, in riƙa zura ƙafa tsakanin baka da tsarkiya. Wacce ce daidai?

Baba_Mai_Kwari:
Wa alaikumus salam. Sannu yaro, Allah ya kiyaye gaba. Ka fara ajiye bakan nan tukuna har sai ka samu igiyar ɗaurawa. Hanyar da aka nuna maka tsohuwa ce, kuma maharba da yawa suna yin ta, amma ka lura da inda fuskarka take lokacin da kake yi. Reshen da ka tanƙwara so yake ya koma inda ya fito, kuma inda ya fito ɗin nan ne ka sunkuyar da kanka kana leƙen gurbi. Duk ranar da hannu ya zame, fuska ce a hanya. Ba rashin iyawarka ba ne kaɗai. Ni na yi shekaru ina yi da dogon baka, na kan kau da kai gefe in laluba gurbin da yatsa, amma a kan baka mai lanƙwasasshen kai ban yarda da ita ba sam.

Ummu_Hanif:
Sannu ɗan'uwa. Kafin maganar baka, ka je a duba maka idon ko da kana ganin ba komai. Duka a kusa da ido ba a raina shi, musamman in ka fara ganin dishi-dishi ko wani walƙiya-walƙiya a gefe.

Sabon_Maharbi:
Na gode Baba, na gode Yaya. Na je da safe, an duba, idon lafiya lau alhamdulillahi. Baba, ita igiyar ɗaurawar yaya take? Ban taɓa ganin ta ba.

Ɗan_Tsarkiya:
Bari in ɗan taya Baba bayani. Igiya ce mai ƙwari wadda ta ɗara bakan tsawo. Ƙarshenta ɗaya yana da ɗan aljihu na fata mai zurfi, ɗayan kuma ko ƙaramin aljihu ne ko wani ɗan faifan roba da ke kwanciya a kan reshe. Ga baka irin naka, igiya mai faifan ta fi, domin ba ta rufe maka gurbin sama.

Tsarkiya tana da kunne biyu, babba da ƙarami. Babban na sama ne. Ka zura shi ta kan reshen sama ka bar shi ya gangara ƙasa, sannan ka sa ƙaramin a gurbin ƙasa ka tabbata ya zauna. Sai ka rufa aljihun fatar a kan ƙasan, ka ɗora faifan a reshen sama, daf da bayan kunnen da ka zura, ta wajen mariƙi. Ka riƙe bakan a kwance, bayansa yana kallon sama, tsarkiya da igiya suna reto a ƙasa. Ka taka igiyar da ƙafa biyu, tazarar kafaɗunka. Ka ɗaga mariƙin sama a miƙe da hannu ɗaya, za ka ga rassan biyu sun tanƙwaru tare. Ɗaya hannun ya tura kunnen har ya faɗa gurbi. Kada ka saki lokaci guda. Ka sauke a hankali kana jin yadda nauyin ke komawa kan tsarkiya.

Abin da mutane ke mantawa shi ne na ƙarshe: kafin ka kai ido kusa, ka juya bakan yadda za ka riƙe shi in za ka yi harbi, tsarkiya ta wajenka, bayansa yana kallon gaba, hannu a miƙe. Daga nan ka duba kunnuwan biyu. In ɗaya bai zauna ba ya fita, reshen gaba zai yi, ba fuskarka ba.

Garba_Kafinta:
Ni dai ban ga laifin zura ƙafa ba. Shekara goma sha ɗaya ina yi, ban taɓa jin ciwo ba, bakana kuma yana nan garau. Igiyar nan wani kaya ne kawai da za ka manta a gida ranar da ka fi bukatarsa. Magabata ba su san ta ba, kuma da baka suka yi yaƙi.

Malama_Tarihi:
Malam Garba yana da gaskiya ta fuskar daɗewar hanyar. Akwai wani ƙaramin tulu na gaurayen zinariya da azurfa da aka tono a shekarar 1830 a kabarin Kul-Oba, kusa da Kerch a yankin Kirimiya. An yi shi tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a jikinsa akwai hoton wani mayaƙin Sikitiyawa, tsohuwar ƙabilar mahaya dawaki ta wannan yanki, yana ɗaura tsarkiya, ya ratsa bakan ta ƙarƙashin ƙafarsa ya tokare shi da ɗaya cinyar. Yanzu tulun yana gidan tarihi na Hermitage a Rasha. To amma gajeren baka ne a hannunsa, kuma mutum ne da ya tashi da shi tun yarinta. Ban ga yadda hakan zai zama hujja ga wanda ya yi sati biyu ba.

Injiniya_MK:
Malam Garba, wane irin baka ne naka? Na tambaya ne domin amsar ta dogara da nan.

Garba_Kafinta:
Dogo ne, na itace guda, ni na sassaƙa shi da kaina.

Injiniya_MK:
To ka gani. Naka reshensa siriri ne mai kauri, kansa a miƙe, ba ya saurin murɗewa. Na Sabon_Maharbi reshensa faffaɗa ne marar kauri, kuma kan ya lanƙwasa gaba. Irin wannan yana da ƙarfi ƙwarai in ka tanƙwara shi ta hanyar da aka yi shi don ya bi, amma in ka matsa masa ta gefe ba shi da juriya. Lokacin da ka maƙale kan ƙasa a ƙwaurinka, ka sa mariƙi a bayan cinya, ka turo reshen sama, da wuya ƙarfin ya tafi a layi ɗaya. Ƙwauri yana ja gefe, hannu yana ja wani gefen. Sau ɗaya ba komai, sau ɗari kuwa reshen ƙasa ya soma karkacewa. Reshen da ya karkace shi ne wanda wata rana tsarkiya za ta zame ta gefen kansa kana tsakiyar ja. Hanyar zura ƙafa ta fi wadda ta fasa masa gira sauƙi ga ido, wannan na yarda, amma bakan ne ke biyan kuɗin.

Garba_Kafinta:
Na ji wannan, kuma a kan faffaɗan reshe ba zan yi musu ba. Amma kada a mai da shi kamar duk wanda bai riƙe igiya ba ganganci yake yi. Itace na san halinsa. In ka sa mariƙin daidai a cinya, ba sama ba ba ƙasa ba, rassan biyu tare suke tanƙwaruwa. Masu karya baka da wannan hanya su ne masu ɗora cinya a kan reshen ƙasa, su tara masa nauyin duka shi kaɗai.

Baba_Mai_Kwari:
Wannan gyaran naka daidai ne Garba. Amma a juri zuwa rafi, wata rana tulu zai fashe. Ni ma da bakinka nake magana har ranar da na ga abokin harbina, wanda ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, ya rasa haƙori biyu na gaba. Ba wani kuskure babba ya yi ba, an kira sunansa ne ya waiga.

Hauwa_Kibiya:
Akwai abin da ban ga an taɓo ba. Ɗan'uwa, ka tabbata tsarkiyar da aka haɗo maka ta bakan ce? Na taɓa shan wahala wata guda ina zaton ƙarfi ne ba ni da shi, ashe tsarkiyar ce ta gaza da inci biyu. In ta yi gajarta dole ka tanƙwara reshe fiye da kima kafin kunne ya kai gurbi, kuma a nan ne hannu ke zamewa.

Ɗan_Tsarkiya:
Madalla da wannan tambaya. AMO 60 ɗin da ya gani tsawon bakan ne a ma'aunin ƙungiyar masu ƙera kayan harbi ta Amurka, wato inci 60. Abin da aka saba shi ne tsarkiyar baka mai lanƙwasasshen kai ta gaza tsawon bakan da kamar inci 4, ta dogon baka kuma da kamar inci 3. Ke nan tasa ta kasance wajen inci 56. A auna ta a miƙe, an ɗan ja ta, daga ƙarshen kunne zuwa ƙarshen kunne. Shi kuma 45# ƙarfin ja ne, laba 45 in an ja inci 28, kusan kilo 20 ke nan. Ga mai farawa ba ƙaramin nauyi ba ne.

Bayan ka ɗaura, ka auna tazarar da ke tsakanin tsarkiya da wuyan mariƙi, wurin da hannu ke zama. Ga baka mai inci 60 yawanci tana faɗawa tsakanin inci 7 da rabi zuwa 8 da rabi, sai dai in maƙerinsa ya faɗi wani abu dabam. In ta yi ƙasa, ka sauke tsarkiyar ka ƙara mata murɗi kaɗan, za ta gajarta, tazarar ta ƙaru. In ta yi sama ka rage murɗin. Maharban Ingila na da suna aunawa da dunƙulen hannu an miƙe babban yatsa, kuma har yanzu awo ne mai amfani ga dogon baka in babu abin awo a kusa.

Hauwa_Kibiya:
Ƙari a kan rage murɗi: in tsarkiyar irin wadda aka tufka kunnuwanta da hannu ce, murɗin ne ke riƙe da su. Kada a warware ta gaba ɗaya, kunnen zai iya zarewa.

Mai_Bakan_Ƙaho:
Ina karanta ku tun ɗazu. Duk abin da aka faɗa na baka mai faiba ne da na itace. Don Allah duk wanda ya samu bakan ƙaho na ainihi, wanda aka haɗa da ƙaho da itace da jijiya, kada ya ɗauki wannan bayani ya ce zai yi aiki da shi haka nan. Bakan ƙaho na Koriya in an kwance shi naɗewa yake yi ta baya har kawunansa su kusa haɗuwa. Kafin a ɗaura masa tsarkiya sai an ɗumama shi, a zauna a ƙasa, a buɗe shi sannu a hankali da gwiwa da ƙafa, wani lokaci a ɗaure kowane reshe a jikin wani lanƙwasasshen katako da aka sassaƙa don haka. Turkawa ma suna da irin waɗannan katakai, suna kuma da wata ɗamara da suke kira kemend, wadda maharbi ke zagayawa a ƙugunsa ya maƙala a kawunan bakan, ya tokare mariƙi da ƙafafu ya tura. In ka duba da kyau, dabarar igiyar da Ɗan_Tsarkiya ya kwatanta ce a zaune. Don haka maganar cewa magabata ba su san abin taimako ba, ba haka take ba, Malam Garba.

Kuma ɗaurawar rabin aiki ce. Bayan an ɗaura sai an zauna da shi ana dubawa, in wani reshe ya fi wani tanƙwaruwa ko ya karkata, a ɗumama a gyara da hannu. In ka yi sakaci bakan zai iya juyewa ya watsar da tsarkiyar, kuma aikin da maƙeri ya yi shekara yana yi ya lalace a gabanka.

Garba_Kafinta:
Wannan ɗamarar ban san da ita ba. Na ƙaru.

Malama_Tarihi:
Tun da an shiga tarihi: jirgin yaƙin Ingila mai suna Mary Rose ya nutse a 1545, aka ciro shi a 1982, kuma an samu cikakkun dogayen baka 137 a cikinsa. An ƙiyasta ƙarfin yawancinsu ya haura laba 100. Kullum in na tuna sai in yi mamakin irin jikin da ke tanƙwara wannan kowace rana.

Ummu_Hanif:
Malama, mu dawo kan ɗan'uwanmu kada mu bar shi a teku. Ni abin da nake so a faɗa masa shi ne kuskuren da na yi a makon farko, domin ba wanda ya gargaɗe ni. Baka mai lanƙwasasshen kai in yana kwance, kawunansa gaba suke kallo, sai idonka ya raya maka cewa ta wannan gefen tsarkiya take. Haka na ɗaura ta a bai-bai, cikin sauƙi kuwa, har ina murna. Allah ya sa wata da ta fi ni sani ta gani kafin in ja. Ta ce da na ja sosai da reshen ya iya tsagewa. Alamar da ta koya mini: in an ɗaura daidai, tsarkiya tana kwanciya a jikin lanƙwasar reshe kusa da kai, cikin wani ɗan tsagi da aka yi mata. In ka ga ta tashi daga kai zuwa kai ba ta taɓa reshe ba, kuma ɗaurawar ta zo da sauƙin da ya yi yawa, to ka juya.

Injiniya_MK:
Tun da na hannu ya saya, ni zan so ya binciki bakan kansa kafin ya sake tanƙwara shi. Ka samu auduga ka shafa a gefunan rassan daga mariƙi har kai. Duk inda faiba ta fara tashi, audugar za ta maƙale. Ka duba ko akwai farin layi ko wurin da katako da faiba suka soma rabuwa, musamman inda reshe ya haɗu da mariƙi da kuma wajen gurabun. Bayan ka ɗaura, ka tsaya ta kan bakan ka hango tsawon tsarkiyar, ta raba kowane reshe biyu daidai. Ka ja kaɗan ka mayar a hankali, ka ga ko ta koma cikin tsaginta. In tana sauka a gefe, reshen ya riga ya karkace, wataƙila tun a hannun mai shi na farko.

Sai maganar irin zaren. Tsofaffin baka da ba a ƙarfafa kawunansu ba, Dacron ake sa musu, domin yana ɗan miƙewa ya shanye girgiza. Zaren zamani marar miƙewa irin su Fast Flight zai iya yanke kan tsohon baka. In ba ka tabbatar bakan an yi shi don irinsa ba, ka tsaya a Dacron.

Baba_Mai_Kwari:
Kuma kada ka taɓa ja ka saki babu kibiya, ko sau ɗaya, ko don gwaji. Ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi cikin rassan yake komawa. Baƙo in ya ga baka a ɗaure abin da hannunsa ke fara yi ke nan, shi ya sa ba na barin nawa a ɗaure inda mutane suke.

Sabon_Maharbi:
Wallahi na ƙaru fiye da abin da na zo nema. Na auna tsarkiyar yanzu kamar yadda Yaya Hauwa ta ce: inci 54 ce. Ke nan ta gaza da wajen inci biyu. Na kuma shafa auduga, ba ta kama ko'ina ba. Amma ga wata tambaya. In na samu daidai na ɗaura, ba gara in bar shi a ɗaure ba, tun da wajen ɗaurawa da kwancewa ne haɗarin yake?

Hauwa_Kibiya:
Inci 54! Ta baka mai inci 58 ce aka ba ka. Ka ga ba hannunka kaɗai ke da laifi ba.

Ɗan_Tsarkiya:
Baka mai faiba yana jure zama a ɗaure. In kana harbi kusan kullum, ba laifi ka bar shi, muddin ka rataye shi a kwance a kan turaku biyu, a inuwa. Kada ka jingine shi tsaye a kan reshen ƙasa. Babban maƙiyinsa zafi ne. Cikin mota a rufe da rana, gam ɗin da ya haɗa katako da faiba yana laushi, ga kuma tsarkiya tana ja, sai ka dawo ka tarar ya ɓare.

Garba_Kafinta:
A nan kuma ni ne mai tsanani. Na itace guda ba a barinsa a ɗaure ko na yini ɗaya in ba harbi ake yi ba. Itace yana koyon zaman da ka bar shi a ciki, ya riƙe lanƙwasar, ƙarfinsa ya ragu, kuma ba ya dawowa. Nawa da na gama nake kwancewa. In ya daɗe a ajiye kuma, ko a lokacin sanyi, ba na ɗaurawa in ja shi gaba ɗaya nan take. Sai in bar shi ya ɗan zauna, in ja kaɗan-kaɗan sau da yawa ina ƙarawa har ya saki jiki. Ko mai faibar ma ni da zan ba da shawara a kwance shi. Me za a rasa?

Injiniya_MK:
Abin da za a rasa shi ne abin da ya kawo mu nan, Malam Garba. Yawancin karkacewar reshe wajen ɗaurawa da kwancewa take faruwa, ba wajen zama ba. Ga mai igiya, ya kwance kullum in ya so. Ga wanda zai riƙa zura ƙafa, kwancewar kullum ta fi cutar da bakan a kan barinsa.

Baba_Mai_Kwari:
Ni yara nake dubawa a wannan magana, ba reshe ba. Gidan da akwai yara, a kwance shi, a ɗaga kibau inda hannu ba ya kaiwa. Kwancewar ma da igiya, yaro, kamar yadda ka ɗaura: ka taka, ka ɗaga, ka zare kunnen sama ka bar shi ya gangara kan reshe, ka sauke a hankali. Ka duba igiyar ita ma lokaci-lokaci, aljihun fatar yana cinyewa, kuma kada ka taka ta da santsin takalmi ko da safa a kan daɓe mai sulɓi.

Ummu_Hanif:
Kuma ka riƙa shafa wa tsarkiya kakin zuma in ka ga ta fara gashi-gashi. In zare ɗaya ya tsinke, musamman a wajen kunne, ta gama aiki.

Sabon_Maharbi:
Na dawo da labari bayan kwana shida. Na samu igiya mai faifan roba da tsarkiyar Dacron mai inci 56. Sau uku na ɗaga ina saukewa kafin in yarda in tura kunnen, domin hannuna yana tuna abin da ya faru. A na huɗu ya shiga ba tare da wani kokawa ba. Tazarar ta fito inci 7 da kwata, na ƙara murɗi takwas ta koma kusan 8. Abu ɗaya ne ya dame ni: da na hango ta kan bakan kamar yadda Injiniya ya ce, a reshen ƙasa tsarkiyar ta ɗan fi kusa da gefen hagu, kuma in na ja na mayar tana hawa bakin tsagin kafin ta faɗa ciki. Ban harba ba tukuna.

Injiniya_MK:
Ka yi daidai da ba ka harba ba. Karkacewa ce, amma da alama ƙarama. Ka fara duba gurabun kan ƙasan, ko ɗaya ya fi ɗaya zurfi ko kunnen bai zauna daidai ba, domin wannan ma yana jan tsarkiya gefe. In gurabun lafiya suke, ana iya murɗa reshen da hannu zuwa ɗaya gefen, a riƙe na ɗan lokaci, a saki, a sake dubawa, a maimaita kwana da kwanaki. Kada ka kai shi kusa da wuta.

Mai_Bakan_Ƙaho:
Ni da zai samu wanda ya taɓa gyara irinsa ya duba masa da ido, da ya fi. Gyaran murɗi a rubuce yana da sauƙi, amma gane ta wane gefe za a murɗa shi ne inda sabon hannu ke ƙara ɓata abin.

Garba_Kafinta:
Ka ɗauko hoto daga kan reshen, tsarkiyar tana tsakiyar hoton, ka ɗauko wani kuma na gurabun biyu daf da daf. A sa a nan mu gani kafin ka taɓa komai.